Hular Tankar Yaƙi: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Haɗa Ƙananan Tankoki

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran rediyo da fanka ne a wani ƙauye da ke gefen Ringim. In aiki ya lafa, abin da ke ɗauke mini hankali shi ne haɗa 'yan ƙananan tankokin Yaƙin Duniya na Biyu. Da motar kara na fara kamar kowane yaro a nan, na koma ta gwangwani, har wani ɗan'uwana da ke aiki a kudu ya zo mini da kwalin farko na 'yan ɓangarorin tanka na roba da ake haɗawa. Tun da na fara jera su a kan kantar shago tambayoyi ba su ƙare ba, daga matasan da ke zama a benci har waɗanda ke turo saƙo ta waya daga Gumel da Dambatta da Kazaure. Kusan duk tambayoyin a kan abu ɗaya suke: saman nan mai juyawa inda igwa take. Mu nan "hula" muke ce mata, kuma da wannan sunan zan ci gaba.

Malam, me ya sa ka fi damuwa da hula a kan sauran jikin tanka?

Domin ita ido ke fara sauka a kai, kuma ita masana'antu suka fi yi wa sauyi lokacin yaƙin. Gangar jiki takan shekara ba a taɓa ta sosai ba, amma hula kusan kowane 'yan watanni sai an ƙara mata wani abu ko an cire. Wanda ya iya karanta ta zai faɗa maka shekarar da aka ƙera tankar, wani lokaci har watan, kamar yadda mai kiwo ke buɗe bakin sa ya ƙirga haƙori.

Na ga wani ɗan tudu a kan hula, ban san ko mene ne ba. Ta ina zan fara?

Ka fara da tambayar da nake yi wa kaina kullum: wa ke zaune a ƙarƙashin wannan abin, kuma me yake buƙata?

A yawancin tankokin da muke haɗawa mutum uku ne a cikin hula: kwamanda, maharbi, da mai ɗura harsashi. Suna cikin ƙarfe rufe, ga zafi, ga hayaƙin albarushi, ga ƙara. Kowannensu yana son ya gani, ya shaƙi iska, ya kuma sami hanyar fita in wuta ta kama. Duk wani ɗan abu da ka gani a waje amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu. Ba a yi wa tanka ado.

Abin da ya fi kowanne tsayi, mai kama da ƙoƙon da aka kifa, da gilasai kewaye da shi, na kwamanda ne, don shi ke duba ko'ina. Ɗan akwati mai kusurwa huɗu da ke leƙowa daga rufi, buɗe ta gaba, madubin leƙe ne: ana kallon waje da shi ba tare da an ɗaga kai ba. In abin zagayayye ne, shafaffe, kamar murfin tukunya da aka ɗaga kaɗan, to mashaƙar iska ce, ƙarƙashinta akwai fanka mai zuƙe hayaƙin harbi. Ɗan ƙaramin rami a jikin garkuwar igwa, wato ƙarfen da ke rufe gaban hula inda igwa ta fito, ko dai idon maharbi ne ko bakin mashin-gan da ke kwance gefen igwar. Wanda ke ɓangaren maharbi shi ne ido. Ƙarfe mai kauri da aka lanƙwasa kamar kunnen tulu, ko dunƙulallen ƙarfe da ya fito a gefe, na ɗaga hular ne da ƙugiya in za a yi gyara. Siririn ƙarfe mai kama da hannun bokiti kuwa na riƙewa ne ko na ɗaure kaya.

Wannan dabarar ba ta ba ka sunan abin, amma tana ba ka aikinsa, kuma in ka san aikin ba za ka manna shi a juye ba. Na taɓa ganin madubin leƙe da wani yaro ya manna yana kallon baya, daidai saman kujerar mai ɗura harsashi. Da na ce masa ya zauna a kujerar a zuciyarsa ya leƙa, da kansa ya ɓamɓare ya gyara.

Hotuna biyu na tanka ɗaya sun saɓa: a ɗaya ƙoƙon kwamanda yana dama, a ɗayan yana hagu. Wanne zan bi?

An juya ɗaya daga ciki, abin da ya cika intanet. Ka riƙe wannan, kana tsaye a bayan tanka kana kallon inda igwa ta nufa: a Tiger da Panther na Jamus, da T-34-85 ta Rasha, kwamanda da maharbi suna hagu, mai ɗura harsashi yana dama. A Sherman ta Amurka akasin haka ne, kwamanda da maharbi suna dama. In da rubutu ko lamba a hoton, shi ma zai tona asiri.

Kwalin Tiger da na samu yana da ƙoƙon kwamanda iri biyu da wasu bututu shida. Duka zan sa?

A'a, ɗan'uwa, kuma a nan ne ni ma na yi kuskurena na farko, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai.

An ƙera Tiger ta farko daga Agusta 1942 zuwa Agusta 1944, guda dubu ɗaya da ɗari uku da 'yan kai. Igwarta mai bakin milimita 88 ba ta sauya ba, amma abubuwan da ke kewaye da ita sun yi ta sauyawa. Wadda aka fara fitarwa tana da ƙoƙon kwamanda dogo, miƙaƙƙe kamar ganga, da 'yan tsagogi na leƙe, murfinsa kuma sama yake ɗagawa ya tsaya. Wannan tsayin ya sa ana hango shi daga nesa ana harbinsa. Daga Yuli 1943 aka koma wani gajere na zubi, mai madubin leƙe bakwai, wanda murfinsa ke ɗagowa kaɗan ya zame gefe.

Bututun nan shida, uku a kowane gefen gaba, na harba gwangwanin hayaƙi ne don tanka ta ɓuya. An daina sa su a tsakiyar 1943, domin harsashin ƙaramar bindiga na iya tayar da su, hayaƙin ya makantar da mutanen ciki. To ka ga lissafin: bututun sun tafi kafin gajeren ƙoƙo ya zo. Ni kuwa na manna su tare a tankata ta farko don sun yi mini kyau a ido. Sai da na yi wata biyu ina nuna ta kafin na gane na haɗa abin da masana'anta ba ta haɗa ba. Na sa reza na yanke su, tabon yana nan har yau.

Sauran alamomin da nake dubawa: a bayan hula ta dama, na farkon farko suna da 'yar kafar harbi da ƙaramar bindiga, daga ƙarshen 1942 aka maye ta da babban murfin tsira zagayayye. A garkuwar igwa ta hagu, in ramukan ido biyu ne, na kafin bazarar 1944 ce. In ɗaya ne, ta ƙarshe ce, lokacin da aka koma madubin ido ɗaya. Wajen wannan lokacin ne aka ƙara kaurin rufin daga milimita 25 zuwa 40. Akwatin da ke manne a ƙeyar hula na kayan sojoji ne, siririn ƙarfe ne ba sulke ba, shi ya sa a hotuna za ka gan shi a lotse. In kana son lotsa wani abu a tankarka, shi za ka lotsa, ba jikin hular ba, wanda farantin ƙarfe ne mai kaurin milimita 80 da aka lanƙwasa kamar kofaton doki.

Wasu tankokin Jamus jikinsu yana da zane-zane kamar yaɓen katanga. Mene ne wannan?

Yaɓe ne kuwa. Sunansa Zimmerit. Wani kwaɓi ne da ake shafawa a masana'anta, a ja masa layuka kafin ya bushe, kamar yadda magini ke jan zane a jikin soro da yatsa ko da tsinke. An yi shi ne don nakiya mai maganaɗisu ta kasa kama jikin ƙarfe. A Tiger da Panther an yi ta shafa shi daga wajen ƙarshen daminar 1943 har Satumba 1944, aka daina. A bangon tsaye ake shafa shi, ba a kan rufi ba. Saboda haka Tiger mai bututun hayaƙi bai kamata ta zo da yaɓe ba, mai ramin ido ɗaya kuma bai kamata ta zo babu shi ba.

In za ka yi shi da hannu, ka shafa fotin masu gyaran jikin mota siriri ƙwarai, wuri kaɗan-kaɗan, ka danna da bakin ƙaramin sukundireba. Kada ka shafa gefe guda gaba ɗaya. A zafin nan namu zai bushe kafin ka kai rabi.

Garkuwar igwar Panther ɗaya tana da haɓa, ɗaya babu.

Ta asali zagayayya ce sama da ƙasa. Sai aka lura harsashin da ya bugi ƙasan lanƙwasar yana zamewa ya huda siririn rufin da ke kan direba da mai rediyo. Daga Satumba 1944 aka fara yi wa wasu na samfurin G haɓa mai kusurwa don tare wannan. Ba duka suka samu ba. Kuma tunda a watan ne aka daina yaɓe, da wuya ka ga haɓa da yaɓe a tanka ɗaya. Wani abin da ke ruɗa masu farawa: jerin samfuran Panther shi ne D, sannan A, sannan G. D ce ta fari, ita ce mai ƙoƙo kamar ganga, wadda ta fara shiga yaƙi a Kursk ta Rasha cikin Yuli 1943.

Yaya, Sherman duk iri ɗaya nake ganinsu. Akwai bambanci kuwa?

Akwai, har ya fi na Tiger yawa, don an ƙera wajen dubu 49 a masana'antu daban-daban. Ka fara da garkuwar igwa. Ta farkon siririya ce, ba ta rufe gaban hula duka ba. Daga 1943 aka faɗaɗa ta, aka yi mata ramin madubin maharbi a dama. Sannan ka duba rufi. Na farko murfi ɗaya ne kawai, na kwamanda, mai ƙyaure biyu, wanda ke nufin in tanka ta kama wuta mai ɗura harsashi sai ya rarrafa ta ƙarƙashin gindin igwa ya bi bayan mutum biyu kafin ya fita. Duk lokacin da na zo manna ɗan murfin nan mai siffar ƙwai da aka ƙara masa a hagu a ƙarshen 1943, sai na tuna rayuka nawa aka rasa kafin a huda wannan ƙofar. Daga baya kwamanda ma ya sami ƙoƙo mai gilasai shida.

A gefen hagu ta baya akwai 'yar taga ta harbi da ƙaramar bindiga, wadda aka fi amfani da ita wajen miƙo harsasai ciki da jefar da kwanson da aka harba. An cire ta na wani lokaci a 1943, sojoji suka koka, aka dawo da ita. Don haka rashinta ma alama ce. Wani faci na ƙarfe da za ka gani an yi wa walda a kuncin dama, gaban maharbi, ƙari ne a wurin da sulken ya yi siriri. Ɗan rami a rufi ta gaba hagu kuma na harba bam ɗin hayaƙi ne.

In hular ta fi girma, igwar ta fi tsawo, to mai igwar milimita 76 ce ta 1944. In kuwa igwar doguwa ce sosai da dunƙule a baki, ga wani akwatin ƙarfe an yi masa walda a ƙeya, ga murfin mai ɗura harsashi mai kusurwa huɗu, wannan Firefly ce: Turawan Ingila ne suka cusa babbar igwarsu a ƙaramar hula, wuri ya ƙare, suka huda baya suka fitar da rediyo cikin akwatin.

Kada ka kankare 'yan lambobin da suka ɗago a jikin hular Sherman kana zaton lahanin roba ne. Lambobin zubi ne da tambarin maƙerar da ta zuba ta.

T-34 fa?

Ta 1940 da 1941 tana da ƙaramar hula mai mutum biyu da ƙaton murfi guda mai buɗewa gaba, wanda ke tare wa kwamanda gani. A 1942 aka fito da mai kusurwa shida, da murafe biyu zagayayyu. In an buɗe su tare sai su tsaya kamar kunnuwa. A 1943 aka ƙara ƙoƙon kwamanda. Sai T-34-85 ta 1944, mai babbar hula ta mutum uku, da mashaƙar iska biyu kamar tagwaye a bayan rufi.

Masana'antu da yawa suka ƙera ta, kamar mai lamba 183 a Nizhny Tagil, da 112 a Gorky, da 174 a Omsk, kuma layin da zubi ya bari a gefen hula ya bambanta daga wannan zuwa waccan. Zubinsu kaushi ne, an yi shi cikin gaggawa. Ƙarafan riƙewa da ke kewaye da hular na sojojin ƙasa ne da ke hawa bayan tanka, shi ya sa suke lanƙwashe a hotuna.

A ina zan kafa eriya?

Inda rediyo yake. A Sherman rediyo yana ƙeyar hula, eriya tana bayan rufin hula. Na hannun sojojin Ingila sukan ɗauki biyu. A Tiger da Panther mai rediyo yana zaune a gaba kusa da direba, eriyar mai tsawon mita 2 tana kan gangar jiki, sai tankar babban kwamanda ce ke da ƙari a kan hula. A T-34 mai igwar milimita 76 eriya tana gefen dama na gangar jiki, a yawancin T-34-85 kuma ta hau hula.

Kakana ya je yaƙin Bama. Wace tanka zan haɗa don tunawa da shi?

Allah Ya jiƙan magabata. Mutanenmu sun je Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945. Gaskiyar magana, yawancin tafiyarsu a ƙasa suka yi ta, cikin daji da tsaunukan Arakan da kwarin Kaladan, da kaya a ka, jiragen sama na jefo musu abinci. Ba su ne ke tuƙa tankoki ba. Amma tankar da ta yi suna a wannan fagen ita ce M3 ta Amurka a hannun sojojin Birtaniya, mai igwa biyu: babba ta milimita 75 a gefen dama na gangar jiki, ƙarama ta 37 a hula.

Iri biyu ce, kuma a hula ake rabe su. Wadda ake kira Lee tana da ƙaramar hula da wani ɗan ƙoƙon mashin-gan a samanta, kamar hula a kan hula. Grant tana da hula mai faɗi da ƙeya don rediyo, babu ƙoƙon. A Bama an cire wa Lee da yawa wannan ƙoƙon aka sa murfi shafaffe, to kada rashin ƙoƙo kaɗai ya sa ka ce Grant ce. Dubi faɗin hular da ƙeyarta.

Masu tambaya a kan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma, Saladin da Ferret da suke ji a bakin tsofaffin sojoji motocin sulke ne masu taya, ba tankoki masu sarƙa ba. Saladin taya shida da igwar milimita 76, Ferret taya huɗu da mashin-gan.

Zan iya dogara da hoton tankar da ke gidan tarihi, ko ta wasan waya?

Ta wasan waya, a'a. Masu zana su kan ɗauko wannan daga nan, wancan daga can. Haka ma hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa yanzu: za ka ga murfi babu maratayi, ko madubin leƙe a inda ba mai zama.

Ta gidan tarihi tana da amfani wajen ganin siffar abu kusa da kusa, amma da yawa an gyara su da kayan wasu tankokin, an sake musu fenti. Wadda na fi natsuwa da ita ita ce Tiger mai lamba 131 da ke Bovington a Ingila, wadda aka kama a Tunisiya cikin Afrilu 1943, don an san tarihinta, kuma tana nuna kamannin ta farko: dogon ƙoƙo, bututun hayaƙi, babu yaɓe.

Abin da ya fi duka shi ne hoton lokacin yaƙi, baƙi da fari. Shawarata guda ce, kuma ita ce ta gyara mini aiki: ka zaɓi tanka ɗaya a hoto ɗaya, ka bi ta. Abin da ke jikinta ka sa, abin da babu ka bari a kwali ko da ya burge ka. Ɓangaren da hoton bai nuna ba, ka cike shi da hoton 'yar'uwarta ta wannan lokacin. Ni ranar da na shiga Ringim ko Kano inda sabis ke da ƙarfi nake sauke hotunan da girmansu, don wanda aka turo ta WhatsApp ya riga ya dushe, in ka buɗa shi sai ɗige-ɗige. Ka kuma koyi kallon inuwa: abin da ya ɗago yana jefa inuwa a gefe, rami kuwa inuwarsa a cikinsa take.

Yaya ake lissafin girma?

Ma'aunin da aka fi yi wa tankoki shi ne 1/35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa tun shekarun 1960. Ka raba girman gaske gida 35. Mita ɗaya ya zama milimita 28 da rabi da ɗan ɗoriya. Eriya mai mita 2 ta zama milimita 57. Ƙarfen riƙewa mai kaurin santimita 2 ya zama ɗan sama da rabin milimita. A ma'aunin 1/72 komai ya kusa rabin wannan, kuma a can ba na wahalar da kaina da lambobin zubi.

Mu da ke ƙauye, ba ma samun kayan ƙari da ake sayarwa a waje. Da me za mu yi waɗannan ƙananan abubuwan?

Wannan ce tambayar da na fi so. Rabin abin da ke kan tankokina daga kwandon sharar shagona ya fito.

Ɗauki ƙarfen riƙewa. Na roba da ke zuwa a kwali yakan yi kauri, ko ya zo a manne kamar ɗan tudu. Nakan yanke shi da sabuwar reza, in bar alamar ƙafafunsa biyu. Sai in warware wayar tagulla daga kwail ɗin fankar da ta ƙone, in ja ta tsakanin filaya biyu har ta miƙe. In ɗora ta a bakin filaya daidai inda faɗinsa ya yi daidai da tazarar alamun nan, in lanƙwasa dama, in lanƙwasa hagu. Na yi wa wurin alama da jan biro a jikin filayar don duk su fito girma ɗaya. In huda ramuka biyu da allurar ɗinki, ina murza ta tsakanin yatsu a hankali. In ɗiga sufa gulu a kan murfin kwalba, in taɓa ƙafafun wayar a ciki, in zura. Kafin ya kama, sai in cusa guntun katin waya a ƙarƙashi don tsayin ya daidaita, in zare bayan ya bushe. Kada ka taɓa ɗiga gam kai tsaye daga bakin bututunsa a kan tanka.

Eriya da layin walda kuwa daga sandunan robar da ke riƙe da kayan a kwali nake yinsu. Ka riƙe guntu sama da kyandir kana juyawa har ya yi laushi, ka janye daga wuta, ka ja hannu biyu a hankali. Zai zama zare. Gwangwanin lemo da aka buɗe aka shimfiɗa yana ba da akwatin ƙeya da murafen madubi. Takardar azurfa ta bayan ƙwayar magani tana ba da maɗauri da ƙyallen rufe kaya. Tsohon katin layin waya yana ba da facin sulke. Bututun hayaƙi kuma sandar auduga ta goge kunne, mai rami a ciki, in kaurinta ya dace da lissafinka.

Ta yaya zan nuna bambancin hular zubi da ta walda?

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zuba tukwanen dalma ya san fatar zubi: kaushi-kaushi, ba kusurwa mai kaifi. Hular Sherman da yawancin na T-34 haka suke. Ka shafa gam ɗin roba mai ruwa a ɗan wuri, ka daddanna da tsohon buroshin haƙori da aka rage wa gashi, in ya bushe ka bi da sanfefa mai laushi sau ɗaya. Ta Amurka ka sassauta hannu, ta Rasha ka ƙara. Hular Tiger da Panther farantai ne da aka yi wa walda, jikinsu sumul, sai layin walda a mahaɗa. Ka kwantar da zaren robar nan a mahaɗar, ka jiƙa shi da gam, ka daddanna da bayan reza. Ka je ka kalli aikin mai walda na garinku kafin ka fara.

Cikin murfi wane launi ne?

Cikin tanka fari ne ko ruwan madara don a sami haske, amma cikin murfin da ke buɗewa waje yawanci launin jikin tanka ake yi masa, don farin murfi a buɗe tuta ce ga abokan gaba. Gilashin madubin leƙe kuma kada ka yi masa shuɗi mai haske. Baƙi-baƙi da ɗigon man farce marar launi ya fi kama da gaskiya.

Fenti da hunturu ba sa shiri. Ina yi da sassafe kafin iska ta tashi, in yayyafa ruwa a ƙasa, in kifa roba a kan aikin har ya bushe. Da bazara kuma kada ka bar tanka kusa da rufin kwano ko a taga. Igwar wata Panther tawa ta sunkuya a rana ɗaya cikin Afrilu.

Malam, babu laifi a wannan a addini? Ba mutum-mutumi ba ne?

Tanka ba ta da rai, kamar motar kara ce da muka taso muna yi. Inda mutane ke tsayawa shi ne 'yan sojojin roba da ke zuwa a wasu kwalaye. Ni ba na sa su, nakan bar murfi a buɗe kawai. Hukuncinsu kuwa ka tambayi malaminka. Ba na kuma manna tambarin 'yan Nazi a aikina. Lambar tanka da alamar rundunar sun isa.

Zan iya ɗaukar hoton tankar sojojinmu in na gani a hanya ko a bariki, don in kwaikwaya?

Kada ka yi, don Allah. Ba a shingen bincike ba, ba a ƙofar bariki ba, ba in ayari na wucewa ba. Kyakkyawar niyyarka ba a rubuce take a goshinka ba. Hotunan tankokin T-55 da T-72 da Vickers da aka riga aka wallafa sun wadatar.

Wani ɗan yanki ya tsalle daga hannuna ya faɗi ƙasa. Yaya zan yi?

Kada ka motsa ƙafa. Ka rufe ƙofa da taga ɗakin ya yi duhu, ka kwantar da tocilar waya a ƙasa haskenta na bin daɓe. Ko abu ya kai ƙanƙantar ƙwayar gero zai ja doguwar inuwa. In tabarma ce, ka naɗe ta a hankali ka kakkaɓe a kan farin zani. Gaba kuma ka riƙa yanke ƙananan kaya a cikin faranti mai zurfi, ko ka zura hannu da reza cikin farar leda ka yanka a ciki. In ya ƙi samuwa, ka auna ɗan'uwansa na ɗaya gefen, ka raba waya ko gwangwani ka ƙera biyu sababbi, ka cire na robar da ya rage don su zo iri ɗaya.